Darasin tsoffin waƙoƙin Sin: abin da na samu a mako takwas

Na biya kuɗin wani darasi a intanet kan rubutattun waƙoƙin ƙasar Sin na dā, na yi mako takwas ina bin sa a waya bayan sallar isha'i. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma akwai inda aka bar ni da ƙishirwa.

Malamin ya faro daga Shijing, kundin waƙoƙi 305 na zamanin daular Zhou, ya ratsa waƙoƙin mawaƙi Qu Yuan a gurguje, ya yada zango a daular Tang, daga 618 zuwa 907, wajen mawaƙa Li Bai da Du Fu. Nan na fahimci lüshi: waƙa mai ɗango takwas, kowanne da gaɓa biyar ko bakwai, ɗangwayen tsakiya kuma su zo tagwaye, kalma na fuskantar kalma.

Makon masu sharhi shi ya fi ratsa ni. A farkon ƙarni na shida, Zhong Rong ya jera mawaƙa sama da 120 a mataki uku cikin littafinsa Shipin, ya ajiye Tao Yuanming a na tsakiya. Tao ne wanda ya ajiye muƙami ya koma gona. A lokacin ana son kalmomi masu ado, har wasu na kiran baitukansa zancen manoma. Malamin ya yi wa Zhong Rong adalci, ya nuna Zhong Rong kansa bai yarda da wannan zargi ba, sai dai bai iya ɗaga Tao sama ba. Sai bayan fiye da shekara ɗari biyar wani mawaƙi, Su Shi, ya zauna yana amsa waƙoƙin Tao da irin amsa-amonsu. Wannan darasin sau uku na maimaita shi.

Kukana kan sauti ne. An yi ta bayanin karin sauti huɗu na tsohon Sinanci da mawaƙi Shen Yue ya kafa wa ƙa'ida, amma duk karatun da aka naɗa da Mandarin ne, daidaitaccen Sinancin yau, wanda ya rasa sautin da ke ƙarewa da p, t ko k. Harshen Kanton na kudancin Sin ya riƙe shi. Mu da harshenmu ke bambance kalma da hawa da saukar murya, kunnenmu zai kama wannan da an ba mu. Na tura tambaya sau biyu ko za a ƙara karatu da harshen Kanton, har darasin ya ƙare ba amsa.