GARGAƊI: mai sayar da kambas na hawan dutse a WhatsApp ya damfare mu, 'yan Bauchi ku kula

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ke fita gudu ko hawan dutse a garin nan ya karanta wannan, kuma ya tura wa abokansa, saboda mutumin bai daina ba har yanzu.

Mu kusan goma ne muke fita duk Asabar bayan sallar asuba, wani lokaci mu bi ta wajen duwatsun Gubi, in mun samu mota kuma mu tafi Dass mu hau Mbula. Wanda ya taɓa bin irin wuraren nan ya san kambas na zagaye filin wasa ba ya aiki a can, ga tsakuwa ga ƙaya ga dutse mai santsi, musamman wajen gangarowa. To shi ya sa tun bara muke ta neman takalmin gudun daji na gaske.

Wani ɗan gurup ɗinmu ne ya fara haɗuwa da mutumin a Facebook, yana tallan takalman kamfanin Salomon da na Hoka wai gwanjon Ingila ne lamba ɗaya, shi ke fasa dila da kansa. Yaron ya sayi Speedcross, wani samfurin takalmin Salomon, guda ɗaya a wajensa kuma tsakani da Allah orijinal ne, mun gani mun taɓa, ya hau dutse da shi sau uku lafiya lau. Ashe wannan shi ne tarkon, tsaba ya watsa mana. Sai ya ce akwai dila mai zuwa, duk mai so ya tura rabin kuɗi ya kama nasa, naira dubu 28 kowane ɗaya, mu bakwai muka tura dubu 14 kowa. Sunan da ke kan akawun ɗin ma daban yake da sunan da ya gaya mana, na tambaya ya ce na matarsa ne, ni kuma na yi shiru, kai wani lokaci mutum da kansa yake rufe idonsa wallahi.

Sati uku yana mana yawo da hankali, yau kaya suna Legas gobe an riƙe mota a hanya, daga baya ya ce mu cika kuɗin kafin ya saka a mota. Huɗu daga cikinmu muka cika. Kwali ya iso tasha, muka buɗe, uku jabu ne ɗaya kuma tsohon takalmi ne da aka wanke aka manna masa gam. Sauran ukun da ba su cika ba ko igiyar takalmi ba su gani ba. Da muka yi magana ya yi bulokin ɗinmu gaba ɗaya.

Nawa shi ne tsohon. A ido yana da kyau sosai, na ce to ni dai na tsira, na sa shi ranar Asabar, ko kilomita 4 ban yi ba ƙasan ya ɓalle daga dunduniya yana tafi kamar bakin agwagwa, kuma a kan gangara ne, Allah ne ya kiyaye ban tafi da fuska ba. Na kai wa shumeka ya duba ya ce yallaɓai wannan ba ya ɗinkuwa, soson ciki ya mutu, ya sa yatsa ya danna wurin ya lotsa bai dawo ba. Takalmin da ya daɗe a ajiye haka yake, gam ɗin ya bushe soson ya saki, ko da ba a yi gudu da shi da yawa ba. Dama takalmin gudu ana kiyasta rayuwarsa tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ne, to baturen da ya jefar da shi ai ya gama cinye rabonsa kafin ya iso hannunka.

Abin da ya fi min ciwo shi ne da mun san yadda takalmin yake da bai ci kuɗinmu ba, sai bayan abin ya faru na zauna na koya. Juya takalmin ka kalli ƙasansa. Na daji yana da haƙora masu tsawo, galibi milimita 4 zuwa 6, su ne ke kama ƙasa da laka, kuma robar tana da ɗan danƙo in ka goga ta da babban yatsa. Na jabun da aka kawo mana haƙoran suna nan amma roba ce mai tauri tana sheƙi kamar ta bokiti, a kan tayil ma zamewa take balle dutse mai raɓa. Salomon suna rubuta Contagrip, sunan robarsu, a ƙasan nasu, Hoka Speedgoat kuma robar Vibram ce mai alamar nan ruwan ɗorawa, amma kar rubutu ya ruɗe ka don masu jabu ma suna bugawa. Murɗa takalmin kamar za ka matse wanki, in ya naɗe cikin sauƙi babu abin da zai tare maka tsinin dutse. Danna bakin gaba, dole ka ji tauri a wurin don shi ke kare yatsu in ka yi tuntuɓe. Sannan ɗaga harshen ka karanta lakabin ciki, lambar da ke ƙafar dama ta zama ɗaya da ta hagu, ka saka ta a Google ka gani ko irin takalmin da kalarsa za su fito. Na wani abokinmu da muka saka lambar wani takalmi daban ne ya fito, mtsw.

Sai maganar sayis, wadda ita kaɗai ta isa ta hana mutum sayen takalmin doguwar tafiya ta hoto. Ƙafa tana kumbura in ka daɗe kana gudu, wajen gangara kuma yatsu suna dukan gaba, shi ke sa farce ya yi baƙi ya cire. Ana so ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, ka gwada da yamma da safar da za ka yi gudu da ita. Kuma kowane kamfani da yankansa, Speedcross matsattse ne, Altra gabansa da faɗi kuma dunduniya da gaba tsayinsu ɗaya, in ba ka saba ba sai sha-raɓa da agara sun yi maka tsami. Shi mutumin namu duk wanda ya tambaya sai ya ce "zai maka daidai oga". Har masu Gore-Tex, wato yadin da ake sakawa a cikin takalmi don tare ruwa, ya riƙa ƙara wa kuɗi wai ruwa ba ya shiga, alhali a zafin Bauchi na watan Maris ƙafa dahuwa kawai za ta yi a ciki, in ruwa ya shiga ta sama kuma ba ya saurin fita.

Farashin ma ya kamata ya tashe mu. Sabon Speedcross ko Speedgoat ya haura dala 100 a can inda ake sayar da shi, ka buga da canjin yau ka gani. Gwanjo mai kyau yana samuwa, ban ce babu ba, amma ka je kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ƙafarka ka tona, ka saka, ka taka, ka murɗa, in ya yi ka biya. In dole sai ta waya to a yi bidiyo kol ya juya maka ƙasan da lakabin kana kallo, kuma kuɗi sai kaya sun zo hannu.

Mun kai ƙorafi banki da rasit ɗin turansifa da hotunan hirar, muna jira. Jiya kuma ƙanwar ɗaya daga cikinmu ta turo mana sitatus na wata sabuwar lamba, hotunan nan dai ne, tabarmar nan ce shuɗiya a ƙasa, sai dai yanzu ya koma cewa daga Dubai kayan suke kuma rabin kuɗin ya zama dubu 17. Duk wanda ya riga ya tura masa ya yi min magana ta inbos mu haɗa rasit ɗin wuri ɗaya kafin Litinin.