Gombe ko Nasarawa: Ina Za a Kai Iyali a Hutun Disamba?

Malam, na ga tambayarka tun shekaranjiya. Ka ce kwana huɗu gare ka a hutun ƙarshen shekara, daga Kano za ka taso da uwargida da yara 'yan sakandare, kana neman ƙaramar jiha mai ƙabilu da yawa wadda za a iya zagayawa ba a gaji ba, kuma ka rasa ta zaɓa tsakanin Gombe da Nasarawa. Amsata a taƙaice: in dai Disamba ce, kuma daga Kano ne, Gombe. Amma bari in jera maka su, don akwai inda Nasarawa ta yi wa Gombe fintinkau.

Tagwaye ne. Rana ɗaya aka haife su, 1 ga Oktoba 1996, zamanin Janar Sani Abacha. An ciro Gombe daga Bauchi, an ciro Nasarawa daga Filato. Gombe na da ƙananan hukumomi 11, ita ce mafi ƙanƙanta a jihohi shida na Arewa maso Gabas. Nasarawa na da 13, kuma ta fi ta faɗin ƙasa.

Abin da mai iyali zai fara dubawa shi ne yadda jihar ta kwanta. Garin Gombe na zaune kusan a tsakiya, hanyoyi sun fita daga cikinsa ta kowace fuska: arewa zuwa Bajoga da Nafada, gabas zuwa Dadin Kowa, kudu zuwa Kumo da Billiri da Kaltungo, sai ta Dukku wadda za ka shigo ta kanta. Masauki ɗaya ya ishe ka. Ku fita bayan karin kumallo, ku dawo kafin magariba, gobe ku kama wata hanyar. Nasarawa kuwa a shimfiɗe take. Keffi na yamma a bakin Abuja, Wamba na can arewa maso gabas a gindin tsaunukan Filato, Keana da Awe na kudu maso gabas wajen kwarin Binuwai. Sai an yi ta ɗaure kaya ana kwancewa, kuma kwana biyu cikin huɗun naka hanyar zuwa da dawowa za ta cinye. Da a Abuja kake, da lissafin ya juya, don Keffi ba ta wuce tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai daga can ba.

Ta fuskar abin da ido zai gani ya ce tubarkalla, Gombe ba ta da kamar Farin Ruwa. Ruwa ne da ke gangarowa daga tudun Filato ya zubo ta kan dutse a ƙaramar hukumar Wamba, ana ƙiyasta tsayinsa ya kai mita 150, wato ya ɗara na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsayi, ko da yake bai kama ƙafarsa a faɗi ba. Daga nesa kamar an shanya farin zane a jikin dutsen, sunan ke nan. Ga duwatsun Eggon a kan hanyar Akwanga zuwa Lafiya, inda kakannin Eggon suka zauna a sama tun zamanin hare-haren bayi, sai bayan zuwan Turawa aka riƙa saukowa ƙasa.

Sai dai Farin Ruwa ɗan damina ne. Lokacin da ya cika yana ruri, lokacin ne hanyar bayan Wamba ta fi wahala, kuma ƙarshenta sai an taka da ƙafa. Idan rani ya shiga hanya ta bushe, ruwan ya ja baya. Yana nan, bai ƙafe ba, amma ba shi ne wanda ka gani a hoto ba. Ɗayan abin da Nasarawa ke taƙama da shi kuwa, gishirin Keana, ɗan rani ne. Sana'ar mata ce ta kaka da kakanni a wajen Alago: a kankaro ƙasa mai gishiri daga fadama, a zuba a tukwane masu huda, a tsiyaye ta da ruwan gishiri, a dafa abin da ya tsatso har ya ƙone ya bar farin gishiri. Yaro ya ga wannan da idonsa, ya gama fahimtar darasin tacewa da ƙafewa da ake ta fama da shi a ajin kimiyya. To ka ga matsalar: kadarorin jihar biyu ba sa haɗuwa a wata ɗaya. A Disamba za ka iya dacewa da gishiri, ka rasa ruwa a ganiyarsa.

Abin kallon Gombe bai kai wannan ƙasaita ba, amma lokaci bai cika dame shi ba. Madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, kusan kilomita arba'in daga gari, tana nan da ruwanta rani da damina, da injinan wuta na megawat 40, ga masunta, ga lambuna. A kudu, da ka wuce Kumo ƙasa za ta fara tashi, duwatsu masu tsini su fara leƙowa, irin su Kilang a yankin Kaltungo. Hawan Tula shi ne abin da yara za su riƙa ba da labari: hanya mai lanƙwasa ta hau tudu, sama kuma ga gonaki da aka yi wa matakala da duwatsu, ga kogunan dutse da aka riƙa fakewa a cikinsu lokacin yaƙi, ga tsohon kurkukun Turawa tun sa'ad da Tula ke hedikwatar Tangale-Waja. A sa wa kowa takalmi sau-ciki. Ƙasar kububuwa ce, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji da ya yi suna a ƙasar nan yake Kaltungo. Hazon hunturu kuma zai iya rage maka hangen nesa, wannan sai haƙuri, amma ya fi zafin Maris da Afrilu sau dubu.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, don shi ne ya sa na ce Gombe. Jihohin nan biyu labari ɗaya suka raba, Nasarawa ta ɗauki farkonsa, Gombe ta ɗauki ƙarshensa, Kano taku kuma tana tsakiya.

Keffi ƙarƙashin Zazzau take a da, kuma wakilin Sarkin Zazzau a garin shi ne Magaji. A watan Oktoba 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, jami'in Turawa na yankin, a ƙofar fada. Ya hau doki ya yi arewa, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Wannan karɓa na cikin hujjojin da Lugga ya riƙe ya tura runduna, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗaura niyyar hijira gabas, jama'a suka yi ta barin garuruwa suna bin sa. Tafiyar ta tsaya a Burmi, kusa da Bajoga ta yau, garin da Malam Jibril Gaini ya mayar sansanin masu jiran Mahadi kafin Turawa su kama shi a 1902 su kai shi Lakwaja. Ba banza aka nufi yankin ba, don an daɗe ana danganta Dutsen Bima da ke gabas da Gongola da bayyanar Mahadi. A watan Mayu mutanen Burmi suka kori rundunar farko. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka dawo da manyan bindigogi. A nan Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, a nan Magajin Keffi ya kwanta, a nan kuma kibiya mai dafi ta kashe Manjo Mash da ya jagoranci Turawan. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har gobe.

A Keffi za a nuna maka dutsen da kabarin Maloni yake. A Burmi za a nuna maka kabarin Sarkin Musulmi da na Baturen. Kar ka sa ran gini mai ƙayatarwa ko gidan tarihi mai na'urar sanyaya ɗaki. Fili ne, da itatuwa, da shiru. Wanda bai san labarin ba zai ce man mota aka ƙona a banza. Shi ya sa nake ba ka shawara ka ba yaran labarin tun a mota, daga Keffi zuwa Kano zuwa nan, kuma ka nemi ɗan gari a Bajoga ya raka ku, a yi sallama da masu unguwa kafin a shiga.

Kuma tun kafin ka isa garin Gombe tarihin zai tare ka. Hanyar Kano ta Birnin Kudu da Darazo tana ratsa Gombe Abba a bakin Gongola kafin Dukku. Nan ne asalin gadon sarautar, inda Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu kuma mai riƙe da tutarsa, ya kafa masarautar, nan kuma kabarinsa yake. Turawa ne suka ɗauke hedikwata zuwa Nafada, sannan a 1919 suka dawo da ita Gombe Doma, Gomben da muka sani yau. Tsayawar awa ɗaya ce, ba ka kauce hanya ba.

Batun ƙabilu kuwa, in ƙidaya za a yi, ba wadda za ta ji kunya. Nasarawa na da Eggon, Alago, Mada, Gwandara, Migili, Afo, Gade, Gbagyi, Egbura, Bassa, Tibi, Rindre, ga Hausa da Fulani, ga Barebarin da suka kafa Lafiya, har ake ce mata Lafiyar Barebari. Sarautunsu kaɗai abin koya wa yaro ne: Aren Eggon, Andoma na Doma, Osana na Keana, Chun Mada. Bakano zai fi jin daɗin Gwandara, don a duk harsunan duniya babu wanda ya fi nasu kusa da Hausa, kuma labarin baka ya ce daga Kano kakanninsu suka fito, har ana danganta sunan da “gwanda rawa da salla”, ko da yake a yau Musulmi da Kirista ne cike a cikinsu. Wannan kam Gombe ba ta da irinsa.

Abin da Gombe ke da shi shi ne kusanci. Cikin tafiyar awa biyu daga fadar Sarkin Gombe kudu, za ka ratsa ƙasar Mai Tangale a Billiri, ta Mai Kaltungo, ta Mai Tula, ka doshi ta Dadiya da Cham da Waja. Gabas ga Tera, arewa ga Bolewa, ga Jukun a Pindiga, Fulani kuwa ko'ina. Wani abin mamaki: harshen Tangale dangin Hausa ne, reshe ɗaya suka fito da Bolanci, alhali Tula da ke hango su daga kan dutse harshensu na wani gida ne dabam, dangin Waja da Dadiya. Maƙwabta na jini da tsoka, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, amma sai Hausa ta shiga tsakani ake jin juna. Ƙarshen shekara kuma shi ne lokacin da 'yan kudancin Gombe ke dawowa gida Kirsimeti, garuruwa su cika, a fito da ganguna da raye-rayen gargajiya. In kana son ka dace da babban biki irin Pissi Tangale, ko a can Nasarawa Odu na Doma da Oyarore na Keana, ka tuntuɓi ɗan garin kafin ka tsayar da rana. Cikar garin na nufin masauki zai yi wuya a Billiri da Kaltungo, wani dalilin kwana a Gombe ke nan.

A duka biyun, tafiyar rana, kuma ka tambayi direbobin tasha halin hanya a makon da za ka tashi. Sun fi kowa sani.

Da ni ne, ranar farko Gombe Abba a kan hanya, a kwana a gari. Ta biyu Burmi da safe, a dawo a huta, in da sauran ƙarfi a leƙa Dadin Kowa da la'asar a sayi kifi. Ta uku tun asuba a yi kudu, Kaltungo da Tula. Ta huɗu gida. Nasarawa kuma a ajiye ta sai wajen ƙarshen Oktoba, ruwan sama ya ɗauke amma Farin Ruwa bai janye ba, a samu mota mai tsayin ƙafa, a kwana a Akwanga. A wannan tafiyar sai a biya Keffi, yaran su hau dutsen Maloni sun riga sun ga inda Magaji ya ƙare.