Yadda Ƙaramin Gari Yake Riƙe Kuɗinsa a Jihar Vermont: Wasiƙa Zuwa Gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan uwa, ga amsar tambayar da ka yi mini game da abin da hukumar gari take yi wa jama'a a inda nake zaune, da inda take samo kuɗin yin sa. Ka ce tun bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye ba tare da ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba, maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarku ta ƙofar gida, kuma wasu suna cewa a Amurka komai gwamnati ce take yi wa mutum. Abin da idona ya gani ya sha bamban da wannan zato.

Jihar Vermont tana arewa maso gabashin Amurka, a kan iyaka da Kanada, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta 643,077 ne, alhali ƙaramar hukumar Nasarawa ta Kano ita kaɗai ta kusa kai 600,000 tun a ƙidayar 2006. Waɗannan 'yan mutanen sun rarrabu a garuruwa sama da 240, kowanne da hukumarsa da asusunsa. Garin da nake ciki mutanensa ba su kai dubu biyu ba, sakatariyarsa kuma ɗan ginin katako ne mai ɗaki biyu da wata ma'ajiya ta ƙarfe da wuta ba ta ci, inda ake adana takardun filaye da na haihuwa da aure da mutuwa. Babu ciyaman, balle jerin gwanon motoci. Mutum biyar ne zaɓaɓɓu suke riƙe da ragamar gari (a wasu garuruwan uku ne), kowannensu da sana'arsa, wani manomin shanun madara, wata malamar asibiti da ta yi ritaya, kuma alawus ɗin da suke karɓa a shekara bai taka kara ya karya ba. Bayan su akwai magatakarda, da ma'aji, da masu ƙiyasta darajar gidaje, da masu binciken kuɗi. Ma'aikatan da suke cin cikakken albashi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, yawancinsu kuma direbobin motocin gyaran hanya ne.

Tushen kuɗin shi ne harajin gida da fili. Ba su da wani kaso na wata-wata da suke jira daga babban birni, in ban da ɗan tallafin hanya da jiha take bayarwa da kuɗin rajistar takardu da lasisin karnuka, wanda ake sabuntawa kafin 1 ga Afrilu. Lissafin a fili yake: a tara abin da za a kashe a shekara, a cire ɗan abin da yake shigowa daga waje, ragowar a raba shi a kan jimillar darajar gidaje da filayen gari, sai kowa ya biya gwargwadon dukiyarsa. Saboda haka duk dalar da aka ƙara a kasafi tana bayyana a takardar harajin kowane mai gida. Ni haya nake, amma ban tsira ba, domin mai gidan yana ɗora nasa a kan kuɗin haya, ya ma nuna mini takardar da ya zo ƙara mini kuɗi. Wanda ya makara da biya ana cin sa tarar da takan kai kashi 8 cikin 100, ga kuɗin ruwa duk wata, in ya ci gaba da ƙin biya gari yana da ikon yin gwanjon gidan, sai dai ana ba shi shekara guda ya fanshi abinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne littafin rahoton gari. Doka ta wajabta a raba wa masu zaɓe rahoton binciken kuɗi aƙalla kwana 10 kafin babban taron gari na shekara, garinmu kuwa yana buga shi da ɗan kauri, a ajiye a ofis da kanti da laburare, kowa ya ɗauka kyauta. A ciki za ka ga abin da aka ware bara, da abin da aka kashe a zahiri, da abin da ake nema bana, layi bayan layi: gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara, yashi, tsakuwa, man gas, tayoyi, kwalbati, inshorar lafiyar ma'aikata, har kuɗin kan sarki. Albashin kowane ma'aikaci yana nan da sunansa. A wani shafi kuma an jera sunayen waɗanda ake bin bashin haraji, abin da na ga ya yi tsauri a garin da kowa ya san kowa, amma su a wurinsu ba baƙon abu ba ne.

Ranar Talatar farko ta watan Maris ita ce ranar taron gari a duk faɗin jihar, ranar hutu ce ga ma'aikatan gwamnatin jiha, sauran ma'aikata kuma doka ta ba su damar neman izinin zuwa ko da ba za a biya su wunin ba. Ana liƙa jerin batutuwan da za a tattauna tsakanin kwana 30 zuwa 40 kafin ranar, kuma kashi 5 cikin 100 na masu zaɓe suna iya sa hannu su shigar da nasu batun. Mu a zauren wasannin makarantar firamare ake yi, a kan kujerun ƙarfe masu naɗewa, mutane da manyan takalman dusar ƙanƙara, wasu mata suna saƙa suna saurare. Abu na farko shi ne zaɓen wanda zai jagoranci zama, shi yake ba da izinin magana, shi yake hana a zarce. Ni da ba ɗan ƙasa ba ba ni da ƙuri'a, kuma ba zan yi magana ba sai zauren ya yarda. Birane uku ne kawai, Montpelier babban birnin jihar da Winooski da Burlington, suka bai wa baƙi mazauna damar jefa ƙuri'a a zaɓen cikin gari.

A zaman da na fi tunawa, batun sayen sabuwar tifa mai ture dusar ƙanƙara ne ya ɗauki lokaci. Shugaban ma'aikatan hanya ya miƙe da hularsa a hannu, ya karanto abin da tsohuwar motar ta ci na gyara, ya ce gishiri ya cinye ƙasanta. Wani dattijo ya tambaye shi dalilin da ya sa ba za a sayi ta hannu ba, wata mata ta tambayi nawa ya rage a asusun da ake tara wa kayan aiki duk shekara, ma'aji ta buɗe shafi ta faɗa mata. Wani ya kawo gyara cewa a ci rance a biya a shekara biyar maimakon a ɗora wa haraji lokaci ɗaya. Da aka kaɗa ƙuri'ar baki ba a rarrabe wanda ya yi rinjaye ba, sai mutum bakwai suka nemi a yi ta takarda, wanda haƙƙinsu ne a doka, aka yi layi aka jefa a akwati, aka ƙirga a gaban kowa. Duk wannan a kan mota ɗaya. Da rana aka tashi cin abincin da kowa ya kawo daga gidansa, wanda ya ƙalubalanci shugaban hanya suka zauna teburi ɗaya. Bayan an dawo aka bi ƙananan buƙatu ɗaya bayan ɗaya, na masu kai wa tsofaffi abinci gida, da na malaman jinya masu zagaye, da na laburare.

Hanya ce take cinye mafi yawan kuɗin gari, kuma kada ka zaci kwalta ce. Fiye da rabin hanyoyin jihar na ƙasa ne da tsakuwa. Bambancinsu da namu shi ne gireda tana bi a kai a kai, ana yashe lambatu, ana canza kwalbati kafin ya rufta, da hunturu kuma direbobi suna fita tun kafin asuba su share dusar ƙanƙara su watsa yashi domin motar makaranta ta wuce. Da ƙanƙara ta fara narkewa a Maris da Afrilu, hanyoyin nan sukan zama taɓo har mota ta kafe, a kafa alamar hana manyan motoci bi. Akwai kuma hanyoyin da aka sa a aji na huɗu, waɗanda gari ba ya sharewa da hunturu, wanda ya gina gida a kansu shi zai ji da kansa.

Sauran hidimomin da muke zaton gwamnati ce take yi, yawancinsu babu su a ƙauyen nan. Babu ruwan famfo na hukuma. Kowane gida da rijiyar burtsatsensa da sokawensa, in famfo ya lalace ko ramin ya cika, aljihunka ne. Ba a zuwa kwashe shara, kai za ka loda ta a mota ranar Asabar ka kai juji, ka biya a kan kowace leda, robobi da gwangwani da kwali kuma ka ware su daban. Ba mu da ofishin 'yan sanda, sai dai 'yan sandan jiha su zo daga nesa idan an kira, ko gari ya sayi 'yan sa'o'in sintiri daga jami'in tsaro na gunduma. 'Yan kwana-kwana masu sa kai ne, makanike da kafinta da manomi, da ƙararrawa ta kaɗa su bar aikinsu su ruga. Gari yana saya musu mota da kaya, ba ya biyan su albashi, kuma kullum kukansu shi ne matasa ba sa shiga. Wutar lantarki ta kamfani ce, ba ta cika ɗaukewa ba sai iska ta kayar da bishiya a kan waya, amma kuɗinta da na man ɗumama ɗaki ko itace a watannin sanyi ya isa ya sa mutum ya yi kewar zafin Afrilu na gida. Ranar Asabar ta farkon Mayu kowa yakan fita da koren leda ya tsince dattin bakin hanya, al'adar da suka fara tun 1970, wadda ba ta da maraba da aikin gayyarmu.

Makaranta kuwa kasafinta daban, ƙuri'arta daban, kuma ita ce kaso mafi nauyi a takardar haraji. Tun 1997, bayan kotun ƙolin jihar ta ce bai halatta ilimin yaro ya dogara da arzikin garinsu ba, ake tara harajin ilimi a asusun jiha a sake rabawa. Yaro yana karatu kyauta, mota tana ɗaukar sa, amma iyaye da waɗanda ba su da yara duk suna jin nauyin. A Maris na 2024 kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin makarantun jihar aka kayar a ƙuri'a saboda tsoron tashin haraji, aka mayar da hukumomin makarantu su rage su sake kawowa, wasu har sau da dama.

A nan ne nake ganin ainihin bambancinmu da su, Yaya. Mu ma mun taɓa samun baitulmalin En'e da ma'aji da littafin haraji a hannun dagaci da mai unguwa, sai dai talaka yana biya ne ba a tambayar ra'ayinsa, wanda ya kasa kuma ya sha wulaƙanci, shi ya sa aka yi murna da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Ba na cewa a dawo da wancan zalunci. Amma tun da kuɗin ƙaramar hukuma ya koma saukowa daga sama, daga man fetur, sai ya zama kamar ba na kowa ba, ciyaman yana kallon gidan gwamnati, jama'a kuma suna zuwa sakatariya neman taimakon suna da asibiti maimakon tambayar lissafi. Mutumin Vermont bai fi mutumin Kano tsoron Allah ba. Kuɗinsa ne a kan teburi, takardar kuma tana hannunsa, doka ta ce zaman shugabannin gari a buɗe yake ga kowa kuma a fitar da bayanin abin da aka tattauna cikin kwana biyar. Ko da kason ƙananan hukumomi ya iso kai tsaye, idan ba a buga abin da ya shigo da abin da ya fita an liƙa a ƙofar sakatariya da kasuwa da harshen da mutane suke karantawa ba, an dai sauya hannun da yake riƙe da jakar ne kawai.

Tsarin nasu ma yana da raunin da suke kuka da shi. Waɗanda suke zuwa taro 'yan kaɗan ne cikin masu rajista, yawancinsu masu furfura, domin mai aikin awa ba ya iya asarar wuni guda. Garuruwa da yawa sun koma jefa ƙuri'a a akwati ba tare da muhawara ba, abin da ya ƙaru tun lokacin korona, sai masu ƙuri'a suka yawaita amma damar gyara kasafi a zaure ta tafi. Akwai muƙaman da ake rasa mai tsayawa takara. Tsofaffin da suka gaji manyan filaye ba su da kuɗin shiga suna shan wahalar haraji duk da rangwamen da jiha take yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Idan kuma babbar masifa ta zo, irin guguwar Irene ta Agustan 2011 ko ambaliyar Yulin 2023 da ta shanye tsakiyar Montpelier, gada ɗaya takan fi ƙarfin kasafin ƙaramin gari na shekara, sai ya ci bashin banki ya gyara, ya zauna jiran gwamnatin tarayya ta mayar masa da aƙalla kashi 75 cikin 100 bayan dogon cike-ciken takardu.

Har maƙabarta tana da layinta a kasafi, da kwamitin da ake zaɓa domin yanke ciyawa da gyaran shinge. Kabari saye ake yi, haƙa shi ma biya ake yi, kuma a maƙabartu da dama ba a binnewa da hunturu saboda ƙasa ta daskare, sai a ajiye gawa har bazara. Wannan ya sa mu Musulmin da muke warwatse a ƙauyuka muke haɗa kai da masallacin yankin Burlington tun da sauran lafiya, muna kuma tara ɗan abin da za a yi hidima da shi idan ta Allah ta kasance. Idan ka je ta'aziyya ka ga matasan unguwa sun riga kowa zuwa da diga da shebur ba wanda ya ba su ko sisi, ka gaya musu a nan wannan aikin sai da rasit.

Ka gaishe da Inna da su Baba Ƙarami, da duk mutanen majalisa.