Ginshiƙan Harsashi Masu Jan Zafin Ƙasa Ko Rijiyar Burtsatse: Wanne Ya Dace da Gininka?

Wanda zai gina dogon bene a wurin da ƙasar sama ba ta da ƙwari ya san cewa sai an kafa ginshiƙan kankare masu zurfi, waɗanda za su sauke nauyin ginin a kan ƙasa mai tauri. Tun da haƙa ramukan nan dole ne, injiniyoyi suka fito da dabarar ɗaure bututun roba a jikin rodin kowane ginshiƙi kafin a zuba kankare, ruwa ya riƙa zagayawa a ciki, ya ɗauko ɗumin ƙasa lokacin sanyi, ya mayar mata da zafin ɗakuna lokacin zafi. Dalilin da hakan ke yiwuwa shi ne, daga zurfin mita 10 zuwa 15 zafin ƙasa ba ya hawa da sauka kamar na iska, yana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin wurin na shekara. Injin musayar zafi da ake haɗawa da bututun, wato na'urar da ke ɗaukar zafi daga ruwan ta kai ɗakuna ko daga ɗakuna ta kai ruwan, yakan ba da ɗumi ninki 3 zuwa 4 na wutar lantarkin da ya sha. An fara wannan aiki a Ostiriya a shekarun 1980, kuma wani ɓangare na filin jirgin saman Zurik da ke ƙasar Suwizalan yana zaune a kan irin waɗannan ginshiƙai kimanin 300, masu zurfin kusan mita 30.

Babbar abokiyar hamayyarsu ita ce rijiyar burtsatse da ake haƙawa musamman domin zafi, wadda takan kai mita 50 zuwa 200, a zura bututu a ciki a cike ramin. Fifikonta shi ne kai kake zaɓar yawan rijiyoyin da zurfinsu da tazararsu daidai da buƙatar gininka, kuma ana iya yinta ko da an riga an gama gini. Aibinta kuɗin haƙa ne, wanda yakan cinye kaso mai tsoka na kasafin aikin, sannan tana buƙatar fili. Ginshiƙan harsashi kuwa ba su da ƙarin kuɗin haƙa, sai dai nauyin gini ne ke yanke yawansu da zurfinsu, ba buƙatar zafi ba, shi ya sa a manyan benaye sau da yawa ba sa ɗaukar dukkan aikin, sai an tallafa musu da wata na'ura. A ganina kuskure ne a ƙara ginshiƙan da gini bai buƙata ba domin neman zafi kawai. Idan harsashi mara zurfi ya isa, rijiyar ta fi arha.

Akwai kuma shimfiɗa bututu a kwance cikin rami mai zurfin mita 1 zuwa 2, amma yana cin fili sosai, ya fi dacewa da ƙaramin gida mai faɗin harabar. Na'urar da ke musayar zafi da iskar waje ta fi duka sauƙin saye, sai dai ƙarfinta na raguwa a ranakun tsananin sanyi ko zafi, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Idan ka zaɓi ginshiƙan, abin da ya kamata ka fi zurfafa bincike a kansa shi ne daidaiton ɗiba da mayarwa. Ginin da ke buƙatar ɗumi a rabin shekara da sanyi a ɗaya rabin yana amfani da ƙasa kamar rumbu, abin da ya zuba a bazara shi zai ɗiba a hunturu. Wanda kuwa sanyayawa kaɗai yake yi, zafi zai riƙa taruwa a ƙarƙashinsa shekara bayan shekara har injin ya fara wahala, musamman da yake ginshiƙai suna kusa da juna kuma ginin ya rufe samansu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai gudana yana rage wannan matsala domin yana tafiya da zafin, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshen yashi ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Saboda haka ka nemi a yi gwajin ƙasar wurin, inda ake tura zafi cikin bututu na tsawon kwanaki ana auna yadda take karɓa.

Kada kuma a manta cewa ginshiƙin yana ɗauke da gini. Kankare yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, don haka wajibi ne injiniyan harsashi ya sa wannan motsi a lissafinsa, kuma a tsara injin yadda ƙasar da ke kewaye da ginshiƙi ba za ta taɓa daskarewa ba.

Wajen kwangila, ka tambayi wanda ke da alhakin bututun tun daga ɗaure shi har zuwa haɗa shi da injin, domin a nan ake yawan samun saɓani tsakanin masu harsashi da masu famfo. Ka sa a rubuta cewa za a gwada kowane zagayen bututu da matsin ruwa kafin zuba kankare da bayansa, da kuma bayan an sassaƙe kan ginshiƙin, inda aka fi fasa shi. Ka nemi a raba zagayen gida gida ta yadda za a iya rufe ɗaya sauran su ci gaba da aiki, saboda bututun da ya fashe a cikin kankare ba a tono shi a gyara.