Manhajar VLC wajen rarraba bidiyo a kwamfutocin makaranta

Mafi yawan masu amfani da VLC sun ɗauke ta manhajar kallon bidiyo kawai, alhali kuwa asalinta aiki ne da ɗaliban makarantar École Centrale ta ƙasar Faransa suka fara a shekarar 1996 domin watsa bidiyo a tsakanin kwamfutocin makarantarsu, kafin a sake ta kyauta ga kowa a 2001. Saboda haka makarantar da ta ɗora mata wannan aiki ba baƙon kaya ta ɗora mata ba.

Ƙarfinta yana ga tsarin da ake kira maltikas, wato aika bidiyo sau ɗaya ya isa ga kwamfutoci da yawa a lokaci guda. Idan ɗalibai 30 suka buɗe bidiyo mai cin megabit 4 a daƙiƙa, kowa yana jawo nasa daga intanet, sai layin makaranta ya ɗauki megabit 120 a lokaci guda, abin da ba kowane layi ke iya jurewa ba. Da VLC kuwa, kwamfutar malami ce za ta aika bidiyon sau ɗaya zuwa wani adireshi na cikin gida da ya fara da 239, sauran kwamfutoci su kama shi kamar yadda rediyo ke kama tasha, ba tare da an taɓa intanet ba. A nan ba ni da abin kushewa.

Sai dai shirya watsawar ba aikin ɗan koyo ba ne, domin zaɓuɓɓukan suna da yawa kuma bayaninsu kaɗan ne. Babbar matsala ma ba a manhajar take ba. Idan na'urar da ke haɗa wayoyin kwamfutocin ba ta sa ido kan saƙonnin IGMP, wato saƙonnin da kwamfuta ke aikawa don nuna tana son karɓar bidiyon, za ta tura bidiyon ga kowace kwamfuta, har da na ofis da ba su nema ba, aiki ya yi nauyi ko'ina. A kan Wi-Fi kuma abin ya fi muni: hoto yakan farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, fuskar mai magana ta daskare, muryarsa na ci gaba.

Akwai kuma iyakar da ya kamata malami ya sani tun da wuri, wato ɗalibi ba zai iya komawa baya ya sake kallon inda ya wuce shi ba, kuma wanda ya makara ya rasa farko. Makarantar da take son kowane ɗalibi ya kalla a lokacin da ya ga dama gara ta nemi Kolibri ko Jellyfin, manhajojin da ke ajiye bidiyo a kwamfuta ɗaya kowa ya buɗe lokacin da ya so, ta bar VLC ga darasin da aji ke kallo tare a kwamfutocin da aka haɗa da waya.