Ajin Asabar a Yaba, inda aka hana ni cewa "kwafi" kawai

Asabar huɗu na yi ina tasowa daga Agege zuwa Yaba saboda wani ɗan kwas kan manyan kwamfutocin IBM, irin waɗanda manyan bankunan duniya ke ajiye lissafinsu a kai. Ɗaki ne a saman bene, fanka ɗaya, ga zafin Legas.

Malamin ne ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Bazazzage ne, in ya ga mun ruɗe sai ya juyo wajenmu da Hausa. Ranar farko, da aka zo maganar kwafin bayanai, na ce masa, "Malam, ai kwafi kwafi ne." Ya yi dariya ya ce, "To wanne daga ciki?" Idan bayanan a jere suke, layi bayan layi, manhajar IEBGENER ce ke kwafinsu. Idan rumbu ne mai ƙananan sassa a ciki, wanda suke ce wa PDS, aikin IEBCOPY ne. Na VSAM kuwa, wani tsarin ajiyar bayanai na IBM, umarnin REPRO ake bayarwa a cikin IDCAMS. Shi DUMP ajiya ce don ɓacin rana, ba a amfana da ita sai an yi RESTORE, wato an maido da ita. Wasu sunayen sun samo asali tun zamanin kwamfutar System/360 da IBM ta fito da ita a 1964, har yau ba a canza su ba.

Sati na biyu na tafka abin kunya. A JCL, yaren da ake ba injin umarnin aiki da shi, SYSUT1 ne inda ake ɗebowa, SYSUT2 inda ake zubawa. Na juya su. Fanko ya hau kan cikakke, aikin awa biyu ya tafi, injin kuma ya nuna min 0000, wai komai lafiya. Malam ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, abin da ka sa shi ya yi." Sa'ata bayanan gwaji ne.

Inda masu kwas ɗin suka gaza: tallarsu ta sa na zaci za mu taɓa injin gaske. Ashe Hercules ne, manhajar da ke kwaikwayon injin a kan laftof, da tsohuwar manhajar tafiyar da injin, MVS 3.8, wadda ta girme ni. Don haka FlashCopy, mai ɗaukar hoton faifai nan take, da Metro Mirror, mai rubuta komai a wuri biyu lokaci guda, a allo kawai muka gan su, cikin minti ashirin.

Mai neman tushe ya je. Amma ya cika cajin laftof ɗinsa tun daga gida, domin in aka ɗauke wuta sai an jima ake tada janareta.