Alaben fata, na Dyneema ko ledar zif: amsa ga mai shirin tafiyar ƙasa

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce da kaka za ku taka daga Tawa ku bi ta Keita har Buza, kwana takwas a ƙasa, kowa da jakarsa a baya, kuma kana ta rage nauyin kaya. Ka ci karo da wani ɗan portmoni na Dyneema, wani yadin roba marar nauyi, a intanet wanda aka ce bai kai gram 10 ba, kana so ka ji ko ya cancanci ka sa a kawo maka, ko kuwa ka tafi da alabenka na fata da ka saba da shi.

Mu fara da sikeli, tunda shi ya ɗauke maka hankali. Alaben fata mai ninki biyu, irin wanda kowa ke cusawa a aljihun baya, yakan yi gram 60 zuwa 100 ba komai a cikinsa. Na Dyneema bai kai 10 ba, wannan gaskiya ne. Leda mai zif ba ta wuce gram 3 ko 4. To tsakanin mai nauyin da marar nauyin abin da ka tsira da shi bai kai gram 100 ba, kurɓi uku na ruwa ke nan. Kai da za ka goya lita huɗu ko biyar a duwatsun Adar, kowace lita kilo guda, ba alabe ne zai karya maka baya ba. Abin da ke cikinsa ya fi shi nauyi. Gudan dala ɗari na ƙarfe ya kai gram 10, guda goma sun riga sun fi alaben kansa, alhali takardar kuɗi kusan gram 1 ce, katin banki kuwa wajen gram 5. Ka zazzage naka yau ka gani: tsoffin rasit, katunan mutane, hoton fasfo, layin waya da ya mutu tun bara. Da ka fitar da waɗannan ka gama rabin aikin, ba ka kashe ko dala ba.

Dyneema kuwa ba ƙarya ake yi a kansa ba. Zare ne na roba mai ƙarfin gaske da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, ana shimfiɗa shi tsakanin fallayen leda sirara a manne. Da irin wannan yadi aka fara ɗinka filafilan jiragen ruwa na tsere a shekarun 1990, daga baya masu tanti da jakunkuna suka ɗauka. Ruwa ba ya ratsa yadin, sai dai ta ɗinki ko ta zif, kuma da wuya ka yage shi da hannu. Wani abokina ya zo da shi daga Faransa, na riƙe shi mako biyu. Ka ɗora shi a tafin hannu kamar ba ka ɗora komai ba. Amma ka duba wa aka ɗinka wa shi. Masu bin dogayen hanyoyin Amurka ne, irin Pacific Crest mai kilomita sama da 4,000, waɗanda duk bayan ƴan kwanaki suke sauka wani gari su biya da kati. Kati biyu da takardar dalar Amurka ɗaya ko biyu sun ishe su, shi ya sa yawancin portmonin girman kati ne. Kai kuwa tsakanin Keita da Buza mai cuku ba ta san kati ba. Airtel Money da Nita da Amana, masu aika kuɗi, suna aiki a gari, amma a ƙauye rezo sai ya ga dama. Dole ka riƙe tsabar kuɗi, kuma ƙanana, don wanda ya miƙa jikka goma a rumfar mai shayi zai yi zaman jiran canji har shayin ya huce. Takardun dala ɗari da na jikka guda talatin ko arba'in, in ka ninke su uku ka tura cikin wannan ɗan abu, sai ya kumbura kamar kwaɗo, zif ɗin ya ƙi rufuwa. Ga shi yadin ba ya son guga, yashi na cin ledar saman a hankali, wasu kuma shara-shara ne, ana hango launin kuɗin daga waje. Ka haɗa da kuɗin aikowa, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin abin.

Fata kuma nata ciwon daban ne, kuma shi na fi so ka ji, don ni ya taɓa ci. Da kaka ruwan sama ya ɗauke, abokin gabarka zufa ce. Wata shekara cikin watan Oktoba, tsakanin Tabalak da Abalak, na bar alabena a aljihun wando kwana uku ina tafiya. Muka zauna gindin wata aduwa zan biya mai fura, na ciro jikka guda ta yi laɓas kamar dafaffen ganyen rama, jan rinin fatar ya hau gefenta. Matar ta juya ta, ta ɗaga ta sama tana dubawa, sannan ta miƙo mini abata ta ce, "Malam, ba ni wata." Duk sauran haka suke. Katin shaidata na kwali ma tawadar hatimin ta fara bajewa, kuma wannan ya fi damuna, don a shingen jandarma ba a sauraron labarin zufa. Fata tana shan ruwa ta riƙe, ba ta bushewa da wuri. Ta wannan fuska Dyneema ya fi ta nesa ba kusa ba. Amma ta fuskar ƙaya da yashi da jifa a ƙasa, fatar akuya da ta sha jima da bagaruwa za ta binne portmonin Dyneema uku tana nan.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, ledar zif. Mutane na raina ta don ba ta da kwarjini, amma a tsare zufa babu wanda ya kai ta cikin ukun, kuma ta fi kowa sauƙin nauyi da kuɗi. Ka nemi mai kauri, irin wadda ake sa abinci a firiza, ana samunta a manyan kantunan Yamai. Ƙananan da ake ƙulla ƙwayar magani a ciki ba su ɗaukar takardar kuɗi. Aibinta biyu. Ƙaya ɗaya ta huda ta, kuma in yashi ya shiga bakin zif ɗin ba ya ƙara kamawa sosai. Maganin abin ka riƙe uku, ai duka ukun ba su kai nauyin gudan dala ɗari guda biyu ba.

Portmonin ƙarfe ɗin nan da ake cewa suna hana a saci bayanan kati daga nesa, ka manta da su. Sun kusa kai fata nauyi, suna ɗaukar zafin rana, kuma ba wanda zai bi ka cikin fadamar Keita da na'urar karanta kati.

Abin da ya rage shi ne inda abin zai zauna a jikinka, kuma nan ne na fi ganin mutane suna kuskure. Aljihun baya bai dace ba, jakar goyo tana danna shi, ka zauna a kan dutse katin ya lanƙwashe. Lalita tana ɓoye kuɗi da kyau, kakanninmu fatake da ita suka yi Kano da Agadas, sai dai tana zama daidai inda ɗamarar jakar goyo ke bi. Kwana biyu ƙugunka ya saluɓe. In jakarka ba ta da ɗamara, to lalita ta yi. In tana da ita, ka dubi abin da Buzaye ke ratayawa a wuya: ɗan alabe mai aljihu biyu ko uku, da kube da ke zamewa a kan igiya ya rufe shi ruf. Ba zif, ba maɓalli, ba abin da yashi zai lalata. Yana kwance a ƙirji ƙarƙashin riga, ka ciro shi ba sai ka sauke jaka ba. Waɗanda ake sayarwa a Wadata a Yamai yawanci na ado ne, da geza da tuntaye, suna da nauyi. Marar ado nake nufi, na fata sirara.

Da ni ne kai, ba zan sa a kawo Dyneema ba, sai in wani zai zo da shi kyauta, nan ma kati kawai zan sa a ciki. Zan raba kuɗina biyu. Na kashewar yini da katin shaida su shiga leda, ledar ta shiga alaben wuya. Sauran su shiga wata ledar, a naɗe cikin takarda, can ƙasan jaka cikin safa ko cikin kwalin magani, tare da kwafin katin da lambobin mutum biyu na gida a rubuce da biro, don ranar da batir ya mutu. Kuɗin ƙarfe ƴan kaɗan a aljihun gaba, ka riƙa kashe su da farko.

Ranar Lahadi in ka shiga kasuwar Tawa, ka je wurin dukawa da takardar jikka goma da katinka a cikin ledar, baduku ya auna a kansu ya yanka, don takardar ta shiga da ninki ɗaya kawai. Ka ce masa kada ya yi rini a ciki, igiyar kuma ya yi ta da faɗi da laushi, siririya tana yanka wuya in zufa ta jiƙa ta. Ka rataya shi kwana uku kana yawonka cikin gari da jakar a baya, in akwai inda yake gugarka ka mayar masa ya gyara tun kuna kusa.